Makonni Uku Kafin In Sallama Kuɗin Babban Babur na Hannu

Ina aiki a birnin Katsina, iyayena kuwa suna Daura, saboda haka kusan kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan kama hanyar nan ta kilomita kusan 80 da ta bi ta Mashi, in kwana biyu a gida in dawo ranar Lahadi da yamma. Ban da wannan, aikina yakan kai ni Kano sau ɗaya ko sau biyu a wata, tafiyar da ta kai kilomita 170. Shekara tara na yi ina waɗannan tafiye-tafiye a kan Bajaj Boxer, babur mai juriya wanda bai taɓa kwana da ni a hanya ba, sai dai ba don doguwar tafiya aka yi shi ba. Duk wanda ya taɓa jin yadda iskar tirela take girgiza ƙaramin babur tsakanin Kankiya da Tsanyawa, ko ya sauka a Kano bayansa a ƙage da fuska cike da ƙura, ya san abin da ya sa na fara tunanin canji.

Abin da nake nema shi ne irin baburan da aka ƙera domin su haɗa gudu da jin daɗin doguwar tafiya. A cikin gari duk babban babur sunansa ɗaya a bakin mutane, fawa baik, amma a tsakaninsu akwai bambanci mai yawa. Akwai na tsere, wanda yake tilasta wa mutum ya kwanta a kan tanki, akwai kuma manya masu nauyi ƙwarai da aka yi domin shimfiɗaɗɗun hanyoyin Amurka. Wanda nake so yana tsakiya: mutum yana zaune kusan a miƙe, gilashi yana tare masa iska, akwai akwatuna biyu a gefe na zuba kaya, inji kuma yana da ƙarfin da zai wuce babbar mota cikin 'yan daƙiƙu maimakon a yi ta jerawa da ita. A wannan rukuni ne ake samun Honda VFR800 da ST1300, da Kawasaki 1400GTR, da Yamaha FJR1300. Sabo dal ya fi ƙarfin albashina nesa ba kusa ba, don haka tun farko na san na hannu zan nema.

Wani dillali da na bar wa sallahu ya kira ni wata ranar Talata ya ce akwai ɗaya a wani gida wajen Ƙofar Ƙaura. Da na je na tarar da FJR1300 ƙirar 2008, baƙi, wanda aka shigo da shi daga Amurka ta Legas, mai shi kuma ya yi shekara biyu yana hawa jefi-jefi. An wanke shi an goge, yana ta sheƙi a ƙarƙashin rumfa. Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta kwanta da shi tun kafin in taɓa shi, kuma wannan ne ya sa na ɗaure wa kaina sharaɗi cewa ranar ba zan tambayi kuɗi ba, ba zan kuma taya ba. Dillalin ya yi ta matsawa. "Alhaji, akwai wani mutumin Funtuwa da zai zo gobe da kuɗinsa a hannu," in ji shi. Na ce masa idan rabon mutumin Funtuwa ne Allah ya sanya alheri, amma ni ba na cinikin biri a sama, kuma ina roƙon a bar ni in dawo ranar Asabar da sassafe, kada kowa ya tayar da injin kafin in iso.

Kwanaki ukun da suka biyo baya ban kashe su a kan babur ɗin ba, na kashe su ne wajen neman wanda zai riƙa gyara shi, domin a ganina wannan ita ce tambayar farko ga duk mai zaune a Katsina. Bakanikanmu sun ƙware ƙwarai a kan inji mai silinda ɗaya da kafireto, suna iya kwance shi su mayar da shi kafin azahar. Wannan kuwa silinda huɗu gare shi, girman injinsa sisi 1298, ba shi da kafireto sai nozul masu fesa mai waɗanda ƙaramar kwamfuta take sarrafawa, ruwan lagireto ne yake sanyaya shi kamar mota, kuma ba shi da kik, idan batir ya mutu sai turi. Na zagaya gareji huɗu. Mutum biyu sun faɗa mini gaskiya cewa ba su taɓa buɗe irinsa ba, na kuwa gode musu da wannan gaskiyar. A na huɗun aka haɗa ni da wani dattijo da ya yi shekaru yana aikin manyan babura a Kano kafin ya dawo gida. Muka yi magana, na yi alkawarin biyansa ladan yininsa ko na saya ko ban saya ba, don kada ya ji cewa abincinsa ya rataya ne a kan cinikin ya faɗa.

Ranar Asabar muna isa, kafin ma a gama gaisawa, dattijon ya ɗora bayan hannunsa a jikin injin da kuma bakin salansa. Da ya ji su da sanyi sai ya gyaɗa kai. Ya bayyana mini cewa inji mai ɗumi yakan ɓoye laifuffuka da yawa, musamman wahalar tashi da hayaƙin farko da ƙarar da take fitowa kafin baƙin mai ya zagaya. Ya murɗa makulli, muka ji famfon mai ya yi ɗan kukansa ya yi shiru, fitilun gargaɗi suka kunna, ya danna sitata, injin ya tashi bugu ɗaya. Babu shuɗin hayaƙi, wanda shi ne alamar inji yana shan baƙin mai. Ya ɗauko dogon sukundireba ya kafa bakinsa a saman injin, ya kara kunnensa a ƙotar, ya yi ta saurare yana matsar da shi daga silinda zuwa silinda har kusan minti biyar, babu wanda ya yi magana a cikinmu. Daga nan ya sa mita a kan batir: kafin a tayar ya nuna ƙasa da bolt 12, wanda yake nufin batirin ya gaji, amma da injin yana aiki sai ya haura 14, wanda yake nufin caji lafiya lau yake. Muka bar shi yana aiki a tsaye har ya yi zafi, don mu ga ko fankar lagireto za ta tashi da kanta. Ta tashi, ta yi aikinta, ta tsaya.

Abin da ya fi burge ni a wannan ƙirar shi ne ba ta da sarƙa. Ƙarfin injin yana isa ƙafar baya ne ta farfela irin ta mota, a rufe cikin kwanso da ɗan man giya. Wanda ya san yadda ƙurar hunturu da rairayin ƙasarmu suke cin sarƙa da sifoket zai fahimci darajar wannan. Malam, wato dattijon bakaniken, ya ɗora babur ɗin a kan babban jak na tsakiya, ya juya ƙafar baya da hannu yana saurare, ya girgiza ta hagu da dama ya ga babu wasa, ya shafa ƙasan kwanson ya ga babu yoyo.

Daga nan ne laifuffuka suka fara fitowa, kuma abin lura shi ne babu ko ɗaya daga cikinsu da ya shafi injin, dukansu na tsufa ne da na ajiya. Shokar gaba ta hagu tana tsattsafo da mai, ƙura ta manne a jikinta ta yi zobe. Man birki, wanda ya kamata a canza duk shekara biyu, ya yi duhu kamar shayin da ya kwana. A gefen hagu na jikin babur ɗin, ƙasa da akwati, akwai ƙarzuwa da aka shafe da fenti, kuma ƙarfen kuloci sabo ne alhali na birki tsoho. Mai babur bai yi musu ba, ya ce ya taɓa kayar da shi a ƙofar gida yana tsaye. Malam bai ɗauki maganar haka nan ba, sai da ya durƙusa ya duba ƙarafan da suke tare kan babur idan an murɗa shi har ƙarshe, domin haɗari mai ƙarfi yakan lanƙwasa su ko ya karya su, ya kuma tsaya daga baya ya hango ko ƙafafun biyu suna kan layi ɗaya. Ya tashi ya karkaɗe gwiwarsa ya ce maganar mutumin gaskiya ce, faɗuwar tsaye ce.

Tayoyin su ne suka fi ba ni darasi. A ido suna da sauran zane sosai, dillalin ma har yana buga su da tafin hannu yana cewa sun kai shekara biyu nan gaba. Malam ya nuna mini wasu lambobi huɗu a gefen kowace taya, a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekara. Ta baya tana ɗauke da 1915, wato mako na 19 na shekarar 2015. Roba tana bushewa ko ana hawa ko ba a hawa, masu ƙera taya da kansu suna cewa bayan shekara biyar a riƙa duba ta kowace shekara, kada kuma ta wuce goma. Da na sa farce sai na ji ta da tauri, na kuma ga ƙananan tsage-tsage a cikin zanen. A watan Afrilu zafin Katsina yakan haura digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka zafi, kuma babu abin da yake tsakanin mai babur da ƙasa sai waɗannan robobi biyu. Girman da wannan babur yake ɗauka, 120/70 a gaba da 180/55 a baya a kan rim 17, ba a samunsa a shagunan da muka saba, sai an aika Kano ko Legas.

Sai maganar mita. Tun ranar farko dillalin yake nanata cewa babur ɗin bai yi tafiyar da ta wuce 38,000 ba. Gaskiya ne lambar ke nan a rubuce, amma babur ɗin na kasuwar Amurka ne, lissafinsa da mil ne ba da kilomita ba, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne, ke nan ya yi tafiyar kilomita kusan 61,000. Ga irin wannan inji wannan ba tsufa ba ne, akwai masu ninka haka sau biyu ko uku ba tare da an buɗe shi ba. Sai dai littafin kamfani ya ce a duba saitin bawul duk bayan mil 26,600, kuma babu wata takarda ko rasit da ta nuna an taɓa yin haka. Malam ya ce kunnensa bai ji abin tsoro ba, amma bawul ɗin da ya matse ba ya ƙara, shiru yake yi har ya ƙone, don haka in lissafa wannan aikin a cikin kuɗin saye.

Mai babur ya yarda in gwada shi bayan na ajiye nawa da makullinsa, ƙaninsa kuma ya biyo ni a mota. Na fita ta hanyar Daura na yi tafiyar kilomita kamar 25 na juyo. A kan kwalta ban taɓa hawan abu mai natsuwa irinsa ba. Giyoyinsa biyar duk sun shiga ba gardama, na buɗe masa wuta a giya ta biyu da ta uku don in ga ko za ta fita da kanta, ba ta fita ba. Na sassauta riƙon hannu na ga bai karkata ba, na taka birki da ƙarfi na ji bai yi rawa ba. Gilashin gaban da maɓalli ake ɗaga shi a sauke shi, da na ɗaga shi sai iskar da na saba kokawa da ita shekara tara ta bi ta saman kaina. Amma da na dawo cikin gari na shiga cunkoson wajen babbar kasuwa sai na ga ɗaya fuskar tasa. Zafin injin yana hawowa ƙafafu, kuma nauyinsa, wanda ya kusa kilo 290 idan tanki a cike yake, fiye da ninki biyu na Boxer, yana fitowa fili a duk lokacin da aka tsaya. Da gangan na sauka daga kwalta na bi wani lungu mai rairayi, domin layin gidanmu a Daura haka yake, sai ƙafar gaba ta fara nutsewa tana neman ƙwacewa, sai da na sauke ƙafafuna biyu na bi a hankali kafin na fita. A nan na gane cewa idan na saye shi ba zai maye gurbin ƙaramin babur ɗina ba, dole in riƙe duka biyun.

Takardu su ne suka cinye mafi yawan makonni ukun. A jiharmu maganar babur na hannu ba ƙaramar magana ba ce. A shekarar 2021, cikin matakan tsaron da gwamnatin Aminu Bello Masari ta ɗauka, har da hana sayar da baburan hannu a kasuwar Charanci da hana sayar da fetur a jarka, kuma har yau duk mai bin hanyoyinmu ya san yawan shingayen bincike da zai tarar. Mutumin da yake kan babur irin wannan ba ya wucewa ba a lura da shi ba. Lambar shasi tana buge a wuyan babur, haruffa da lambobi 17, ta fara da JYA kamar yadda baburan Yamaha na Japan suke farawa, kuma ta goma a cikin jerin ita ce 8, wadda ta tabbatar da cewa ƙirar 2008 ce. Na kwafe ta da hannuna, na kuma kwafi lambar inji. Takardun rajista sun dace da su, amma takardar biyan kuɗin kwastan hoto ce kawai, kuma lambobi biyu na ƙarshe sun dushe ba sa karantuwa. Na ce sai na ga ta asali. Ran mai babur ya ɗan sosu, ya ce, "Malam, kana ganin kayan sata zan sayar maka?" Na ba shi haƙuri, na ce ba shi nake zargi ba, amma ranar da za a tsayar da ni a hanyar Kano ba ya wurin, takardar ce kaɗai za ta yi magana a madadina. Ya yi shiru, sannan ya ce ta asalin tana wurin wanda ya sayar masa a Legas. Kwana goma sha ɗaya aka yi kafin ta iso. Na kai ta ofishin kwastan na Katsina aka duba, lambobin suka dace. Da ba ta iso ba, da na haƙura da babur ɗin komai kyawun injinsa, wannan kam na riga na yanke shi a raina.

A cikin kwanakin jiran ne na zauna da biro da takarda. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mai ya zama abin da ake fara lissafawa kafin komai. Tankinsa lita 25 yake ci, kuma a tafiya mai natsuwa lita ɗaya tana kai shi kilomita 16 zuwa 17, wato kusan kilomita 400 a tanki guda, in je Kano in dawo ban tsaya gidan mai ba. Wannan yana da amfani ta wata fuskar, domin nozul da famfon mai ba sa jure dattin man bumburutu na gefen hanya. Amma Boxer yana yin fiye da ninki biyu na wannan tafiyar a lita ɗaya, ke nan kuɗin man zuwa Daura zai ninka har da ɗoriya. Baƙin mai lita 4 yake sha a kowane canji, kuma ba kowane iri ba, sai na babur mai alamar JASO MA, domin kulocinsa a cikin mai yake wanka, man mota yakan sa ya riƙa sulɓewa. Kayan gyara kuwa da dala ake shigo da su, duk faɗuwar naira a kaina za ta ƙare. Na haɗa tayoyi biyu, da batir, da robobin shoka, da man birki, da aikin bawul, da hular kwano ta kirki da riga mai kariya da safar hannu, sai na ga jimillar ta kusa kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da ake nema. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, abin da nake so kawai shi ne in san yawan ruwan tun kafin in biya.

Ban yanke hukunci ni kaɗai ba. Maiɗakina ta saurari lissafin duka, tambayarta guda ce, ko kuɗin makarantar yara na zangon gaba yana ciki ko yana waje. Na nuna mata cewa yana waje, ban taɓa shi ba. Mahaifina kuwa, da na kai masa maganar a Daura bayan sallar isha'i, bai tambayi kuɗi ba ko kaɗan. Ya ce, "Abin da nake ji shi ne waɗannan mashina suna gudu kamar jirgi. Kai za ka iya riƙe hannunka?" Na ce, "Baba, ba don gudu nake so ba, don in iso da sauran ƙarfi a jikina ne." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya gindaya mini sharuɗɗa uku: kada magariba ta same ni a hanya, kada in hau ba hular kwano ko da zuwa masallaci ne, kada kuma in ba wani yaro aro komai kusancinmu. Tsoronsa yana da tushe, domin hanyarmu akwai shanu da awaki da suke tsallakawa ba sallama, akwai ramuka bayan damina, ga ƙauyuka masu kasuwa a bakin titi, babur mai ƙarfin doki wajen 140 kuwa ba ya yafe ƙaramin kuskure. Na karɓi sharuɗɗan, na yi istihara, na kwana biyu ban sake ɗaga maganar ba.

Ranar ciniki na tafi da takardar lissafina da Malam da wani yayana. Ban kushe babur ɗin ba, don bai cancanci kushe ba, na dai shimfiɗa abin da na gani ɗaya bayan ɗaya: shekarar tayoyi, mil da kilomita, shoka, batir, bawul. Na taya, mai babur ya ce albarka. Muka yi ta ja har la'asar ta kusa, daga ƙarshe ya rage abin da ya kai kuɗin tayoyi da batir da gyaran shoka, aikin bawul kuma ya tsaya a kaina, ya ce ya sallama. Aka rubuta takardar ciniki da lambar shasi da lambar inji, shaidu biyu daga kowane ɓangare suka sa hannu, na tura kuɗin ta banki don a sami shaida, na biya dillali la'adarsa. A makon da ya biyo baya na yi canjin mallaka da inshora, na kuma sabunta lasisina na tuƙin babur, mai rukunin A.

Ban hau shi zuwa ko'ina ba sai da sababbin tayoyi suka iso daga Kano, kwana tara yana rufe da tamfol a zaure. Juma'ar da na fara kai shi Daura na isa tun rana tana sama, na tsaya a inda kwalta ta ƙare, na sauke ƙafafuna na ratsa rairayin layinmu a giya ta ɗaya har ƙofar gida. Boxer yana nan a Katsina, shi nake hawa zuwa ofis da kasuwa. Kuɗin aikin bawul na ware su daban, Malam kuma ya ce da zarar robar murfin injin da muka yi oda ta iso zai buɗe shi, aikin yini guda ne.